Jinkirin Jerantawa: Lokacin da Saƙo Yake Ɗauka Kafin Ya Gama Hawa Waya

Gabatarwa

Idan aka ce wata hanyar intanet ta fi wata sauri, yawancin mutane kan ɗauka cewa saƙo yana gudu a cikinta fiye da yadda yake gudu a ɗayar, kamar yadda mota take tsere wa keke. Wannan zato kuskure ne, kuma yakan jawo asara, domin a kansa ne makaranta ko ofis kan kashe kuɗi wajen sayen hanya mai ƙarfi, daga baya a tarar cewa matsalar da ake kuka da ita tana nan inda take. Haƙiƙa alamar lantarki a cikin wayar tagulla da haske a cikin wayar gilashi kusan gudunsu ɗaya ne, wato kimanin kilomita 200,000 a kowane sakan, ko da wayar tsohuwa ce ko sabuwa. Abin da ya bambanta hanya mai sauri da mai nawa shi ne yawan alamun da na'ura take iya ɗorawa a kan wayar a cikin sakan guda.

Lokacin da na'ura take ɗauka tana ɗora waɗannan alamu ɗaya bayan ɗaya, daga ta farko har zuwa ta ƙarshe, shi ne za mu kira jinkirin jerantawa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake lissafa shi, da yadda yake sauyawa daga hanya zuwa hanya, da kuma abin da yake faruwa a inda hanya mai sauri ta haɗu da mai nawa. Lissafin bai wuce na rabawa ba, saboda haka ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare zai iya bin sa da fensir da takarda.

Yadda saƙo yake shiga waya

Duk abin da kwamfuta take aikawa, rubutu ne ko hoto ko murya, sai an mayar da shi jerin lambobi biyu, wato 0 da 1. Kowace ɗaya daga cikinsu ana kiran ta bit, bit takwas kuma su ne bayit guda, wanda ya isa ya ɗauki harafi ɗaya na boko kamar a ko b. Ba a tura dogon saƙo a dunƙule. Akan yanyanka shi ƙananan ƙunshe-ƙunshe, a rubuta wa kowanne adireshin inda ya fito da na inda za shi, sannan a sake su. Wannan dabara ta samo asali ne a shekarun 1960 daga aikin Paul Baran a Amurka da na Donald Davies a Ingila, kuma da ita aka gina ARPANET a 1969, wato kakar intanet ta yau, wadda wayoyinta suke ɗaukar bit 50,000 a sakan. A tsarin Ethernet, wanda da shi ake haɗa yawancin kwamfutocin duniya, ƙunshi mafi girma da aka saba yakan ɗauki bayit 1,500, wato bit 12,000.

To, waɗannan bit 12,000 ba za su faɗa cikin waya baki ɗaya ba. Mai karatu ya ƙaddara ayarin fatake na raƙuma 100 yana shirin fita ta ƙofar birni wadda ba ta ɗaukar raƙumi biyu a tare. Idan sarkin ƙofa yana barin raƙumi ɗaya ya wuce a kowane sakan 6, ayarin ba zai gama fita ba sai bayan minti 10. Idan kuwa yana barin ɗaya a kowane sakan, minti 1 da sakan 40 sun isa. A duka halin biyu tafiyar raƙumi ba ta canza ba, nisan zango ma bai ragu ba. Aikin ƙofa kawai ya canza. Raƙuman nan su ne bit, ayarin shi ne ƙunshi, saurin sarkin ƙofa kuwa shi ne abin da kamfanonin sadarwa suke sayarwa da sunan saurin intanet.

Lissafin jinkirin

Ƙa'idar lissafin ita ce a raba yawan bit da ke cikin ƙunshi da yawan bit da hanya take ɗauka a sakan guda. Abin da ya fito shi ne jinkirin jerantawa. Tun da lokutan ƙanana ne, ana auna su da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ko da maikurosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Haka kuma kilobit yana nufin bit dubu, megabit bit miliyan, gigabit kuma bit miliyan dubu. Ga yadda ƙunshi mai bayit 1,500 yake kasancewa a hanyoyi daban-daban, idan an ajiye 'yan bit ɗin da kowace hanya take ƙarawa na kanta:

Modem mai bit 300 a sakan, irin na 1962: sakan 40
Modem mai bit 9,600 a sakan: sakan 1.25
Modem mai kilobit 56, na 1998: milisakan 214
Wayar tarho ta lambobi mai kilobit 64: milisakan 187.5
Hanyar E1 mai kilobit 2,048: milisakan 5.9
Ethernet mai megabit 10: milisakan 1.2
Ethernet mai megabit 100, na 1995: maikurosakan 120
Ethernet mai gigabit 1, na 1998: maikurosakan 12
Ethernet mai gigabit 10, na 2002: maikurosakan 1.2
Ethernet mai gigabit 100, na 2010: maikurosakan 0.12

Adadin kilobit 64 yana da tushe a harkar tarho. Domin a mayar da muryar mutum lambobi, ana auna ta sau 8,000 a kowane sakan, a rubuta kowane awo da bit 8, jimla bit 64,000 ke nan. Idan aka haɗa irin waɗannan hanyoyi guda 32 sai a sami E1, wadda ita ce ma'aunin da Turai da Afirka suka bi.

Abu biyu ya kamata a lura da su a wannan jeri. Na farko, jinkirin yana raguwa daidai da yadda saurin hanya yake ƙaruwa: a ninka sauri sau goma, jinkiri ya koma kashi ɗaya cikin goma. Na biyu, ribar da ake samu tana ƙanƙancewa. Wanda ya tashi daga kilobit 64 zuwa E1 ya rage fiye da milisakan 180. Wanda ya tashi daga gigabit 1 zuwa gigabit 10 bai rage ko maikurosakan 11 ba, lokacin da babu ɗan'adam da zai iya jin bambancinsa.

Jinkirin jerantawa da jinkirin nisa

Bayan bit ya hau waya, sai ya yi tafiya. Lokacin wannan tafiya shi ne jinkirin nisa, kuma a wayar gilashi yakan kai maikurosakan 5 ga kowace kilomita. Babu kuɗin da zai rage shi, domin gudun haske ne ya ƙayyade shi. Hanya mai tsawon kilomita 1,000, kwatankwacin tafiyar Kano zuwa Legas a mota, tana cin milisakan 5. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne, wato milisakan 35 ke nan a zuwa kawai. Tauraron ɗan'adam irin wanda yake tsaye a wuri ɗaya a sama yana da nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, saboda haka hawa da sauka kaɗai suna cin kimanin milisakan 240.

Yanzu a haɗa jinkirin biyu a kan hanyar nan mai kilomita 1,000. Idan saurinta kilobit 64 ne, ƙunshi zai gama isa bayan milisakan 187.5 a tara da 5, wato 192.5, kuma kashi 97 cikin ɗari na wannan lokaci na jerantawa ne. Idan E1 ce, jimlar ta koma milisakan 10.9, kusan rabi da rabi. Idan gigabit 1 ce, jimlar ita ce milisakan 5.012, jerantawa ta kusa ɓacewa, nisa ne kaɗai ya rage. A nan mai hankali zai ga inda ƙarin sauri yake da amfani da inda ba shi da shi. Mai amfani da tauraron can mai nisa, ko da an ba shi megabit 10, ƙunshinsa ba zai isa ƙasa da milisakan 241 ba.

Akwai wata hanya mai ban sha'awa ta ganin wannan al'amari, wato a tambayi tsawon ƙunshi a kan waya. Yayin da na'ura take ɗora bit na ƙarshe, ina bit na farko ya kai? A hanya mai kilobit 64, bit na farko yana da milisakan 187.5 na gudu, wanda ya isa ya ci kilomita 37,500, saura kaɗan ya zagaye duniya, wadda kewayenta ya kai kimanin kilomita 40,000. Ke nan a kusan kowace waya ta irin wannan sauri, kan ƙunshin yakan isa tun wutsiyarsa ba ta bar gida ba. A hanya mai gigabit 1 tsawon ƙunshin nan kilomita 2.4 ne, a mai gigabit 10 kuwa mita 240 kacal, ta yadda dubban ƙunshe-ƙunshe za su iya kasancewa a cikin waya ɗaya a lokaci guda, kowanne yana bin sawun ɗan'uwansa.

Tafiya zango-zango

Da wuya ƙunshi ya isa inda za shi ta waya ɗaya tal. Yakan ratsa na'urori da ake kira rauta, waɗanda aikinsu shi ne duba adireshi da zaɓar hanyar da za a bi gaba. A al'ada, rauta ba ta fara tura ƙunshi gaba sai ta karɓe shi duka ta tabbatar bai lalace ba, kamar yadda madugu ba ya tayar da ayari daga zango sai raƙumin ƙarshe ya iso. Ma'anar wannan ita ce ana biyan jinkirin jerantawa sabo a kowane zango, gwargwadon saurin hanyar da za a hau.

Wannan ne ma babban dalilin yanyanka saƙo. Alal misali, a ɗauki saƙo mai bayit 12,000 da zai ratsa hanyoyi uku, kowace mai kilobit 64. Idan aka tura shi a dunƙule, kowace hanya za ta ci sakan 1.5, jimla sakan 4.5, kuma yayin da hanya ɗaya take aiki sauran biyun suna zaune banza. Idan kuwa aka raba shi ƙunshi 8 masu bayit 1,500, da zarar na farko ya isa rauta ta farko sai ta tura shi gaba, alhali na biyu yana hawa hanyar farko. Hanyoyin uku sai su yi aiki a tare. Ƙunshi na takwas zai gama hawa hanyar farko bayan sakan 1.5, sannan ya ƙara milisakan 187.5 sau biyu, jimla sakan 1.875. An rage fiye da rabin lokaci ba tare da an canza waya ko ɗaya ba.

Sai dai yanyankawa tana da iyaka, domin kowane ƙunshi sai an ɗaura masa kai mai ɗauke da adireshi da sauran bayanan tafiya, wanda a mafi yawan saƙonni ba ya gaza bayit 40. A ƙunshi mai bayit 1,500 wannan bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. A ƙunshin da yake ɗauke da harafi ɗaya tal, kamar na mai buga rubutu a wata kwamfuta mai nisa, bayit 41 ake turawa saboda bayit guda, an mayar da kayan ɗauri sun fi hajar yawa. Saboda wannan ne a 1990 Van Jacobson ya fito da dabarar matse kan ƙunshi a wayoyi masu nawa, daga bayit 40 zuwa kimanin 3 ko 5.

Inda mai sauri ta haɗu da mai nawa

A rayuwa ta zahiri hanyoyin da ƙunshi yake bi ba saurinsu ɗaya ba. A ɗauki kwamfutar wata makaranta da aka haɗa da rauta ta waya mai gigabit 1, rautar kuma tana fita zuwa kamfanin sadarwa ta hanya mai megabit 10. Daga nan ƙunshin ya ratsa manyan hanyoyi biyar masu gigabit 100, ya ƙare a kwamfutar da take da gigabit 10. Idan aka tara jinkirin jerantawa na dukkan zangunan takwas za a sami kimanin milisakan 1.21, kuma milisakan 1.2 daga ciki na hanyar nan ce mai megabit 10. Wato hanya ɗaya, wadda ta fi kowace nawa, ita ce ta ci kusan kashi 99 cikin ɗari. Wanda ya canza wayoyin cikin makarantar zuwa gigabit 10 bai taɓa komai ba, ya yi gyaran gangar auzinawa.

Mahaɗar hanyoyi masu bambancin sauri iri biyu ce. Idan ƙunshi ya fito daga mai nawa zai shiga mai sauri, dole rauta ta jira ya taru, domin in ta fara tura shi da wuri za ta ƙarar da bit ɗin da ke hannunta tun sauran ba su iso ba. Akwai na'urorin da sukan fara tura ƙunshi da zarar sun karanta adireshinsa, amma wannan dabara ba ta yiwuwa idan hanyar fita ta fi ta shigowa sauri. Idan kuwa daga mai sauri ne zuwa mai nawa, sai a sami cunkoso irin na mazurari. Ƙunshi 10 da suka shigo a jere ta hanya mai megabit 100 za su gama shigowa cikin milisakan 1.2, amma idan mafitarsu E1 ce, kowanne yana buƙatar milisakan 5.9, kuma na goma zai jira fiye da milisakan 50 kafin a fara ɗora shi. Wannan shi ne jinkirin bin layi, kuma idan aka duba da kyau, ba wani abu ba ne illa jinkirin jerantawa na waɗanda suke gaba.

Rauta tana da rumbun da take ajiye masu jiran layi. Da farko an ɗauka cewa babban rumbu alheri ne, tun da ba za a zubar da ƙunshi ba don rashin wuri. A 2010 wani injiniya mai suna Jim Gettys ya jawo hankalin masana ga illar wannan tunani. Rumbu mai bayit 256,000 da ke gaban hanya mai megabit 1, idan ya cika, yana ɗaukar kimanin sakan 2 kafin ya zube, kuma duk ƙunshin da ya iso sai ya jira wannan lokaci. Shi ya sa idan wani a gida ko a ofis yana tura babban bidiyo, sai kiran muryar na kusa da shi ya dinga yankewa. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka gabatar da wata dabara mai suna CoDel, wadda take auna daɗewar ƙunshi a layi, ta hana layin yin tsawo fiye da kima.

Murya a bayan babban ƙunshi

Inda jinkirin jerantawa ya fi nuna kansa shi ne wajen kiran murya ta hanyar intanet. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawara cewa jinkirin murya daga bakin mai magana zuwa kunnen mai sauraro kada ya wuce milisakan 150, idan ana son zance ya tafi ba tare da mutane suna cin bakin juna ba. A wani tsarin matse murya mai suna G.729, akan tura ƙunshi ɗaya a kowane milisakan 20, mai ɗauke da bayit 20 na murya da bayit 40 na kai. Wannan ƙaramin ƙunshi mai bayit 60 yana hawa hanya mai kilobit 64 cikin milisakan 7.5, saboda haka shi kansa ba matsala ba ne.

Matsalar tana zuwa ne idan ƙunshin muryar ya iso jim kaɗan bayan an fara ɗora wani mai bayit 1,500. Ko da an umarci rauta da ta riƙa gabatar da murya a kan komai, ba za ta iya janye ƙunshin da ya riga ya fara hawa waya ba. Dole muryar ta jira har milisakan 187.5, wanda shi kaɗai ya haura iyakar 150, kuma a cikin wannan lokaci wasu ƙunshe-ƙunshen murya guda tara sun taru a baya. Daga nan sai su tafi a cunkushe. Abin da mai sauraro zai ji shi ne shiru, sannan magana a gutsuttsure.

Maganin da injiniyoyi suka samo a shekarun 1990 shi ne a sare babban ƙunshin gunduwa-gunduwa kafin a ɗora shi a hanya mai nawa, a riƙa cusa murya a tsakanin gunduwoyin, sannan a harhaɗa su a ɗaya gefen. Akan zaɓi girman gunduwa ta yadda jerantawarta ba za ta wuce milisakan 10 ba. A hanya mai kilobit 64, wannan ya kama bayit 80. Da hanya ta haura kilobit 768, inda cikakken ƙunshi yake cin kimanin milisakan 16 kawai, sai aka ga ba lallai ne a yi wannan wahala ba. Irin wannan damuwa tana cikin dalilan da suka sa a ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin tarho suka tsara wata hanyar sadarwa mai suna ATM, wadda ba ta da alaƙa da na'urar cirar kuɗi, inda kowane ƙunshi bayit 53 ne ba ƙari ba ragi, 48 na saƙo da 5 na kai. Ƙananan ƙunshe-ƙunshe ba sa tare wa murya hanya, amma fiye da kashi 9 cikin ɗari na ƙarfin wayar yana tafiya a kan kai kawai. Da Ethernet ya ƙara sauri har babban ƙunshi ya daina daɗewa a ƙofa, sai wannan tsari ya ja baya.

Halin da ake ciki

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan batu ya zama tarihi. A manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasashe jinkirin jerantawa ya zama ɗan mitsitsi, amma yana nan da ƙarfinsa a zangon ƙarshe, wato tsakanin mutum da kamfanin sadarwa, musamman a inda siginar wayar hannu take da rauni ko mutane da yawa suke rabon turken sadarwa ɗaya. Haka kuma a gidaje da yawa saurin turawa bai kai na karɓa ba, don haka cunkoso ya fi faruwa a ɓangaren turawa.

Har ila yau, akwai wuraren da maikurosakan ma yake da daraja. A cikin motocin zamani da masana'antu, inda na'urori suke aika wa juna umarni ta Ethernet, jiran maikurosakan 120 a bayan babban ƙunshi yana iya ɓata aiki. Saboda haka a 2016 cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da wata ƙa'ida da ta ba na'ura damar dakatar da ƙunshi a tsakiyar ɗora shi, ta wuce da saƙon gaggawa, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya. A ɗaya ɓangaren, manyan cibiyoyin ajiyar bayanai sukan yi amfani da ƙunshi mai bayit 9,000 don rage asarar kai, domin a gigabit 10 ba ya cin fiye da maikurosakan 7.2. Wannan ƙunshi da za a ɗora shi a hanya mai kilobit 64, da ya tare ta fiye da sakan guda.

Gwajin da za a iya yi a makaranta

Malamin da yake da kwamfuta mai haɗe da intanet zai iya nuna wa ɗalibai wannan jinkiri da idanunsu. Kusan kowace kwamfuta tana da wata manhaja mai suna ping, wadda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Aikinta shi ne ta tura ƙunshi zuwa wata kwamfuta, ta auna lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo, kuma tana barin mutum ya zaɓi girman ƙunshin. A tura masu bayit 100 sau da yawa a rubuta lokaci mafi ƙanƙanta, sannan a tura masu bayit 1,100 a yi haka nan. Ana ɗaukar mafi ƙanƙanta ne domin shi ne wanda bai tarar da layi ba. Nisa bai canza ba tsakanin gwajin biyu, saboda haka bambancin da aka gani na jerantawa ne. Idan hanyar da ta fi nawa tana da megabit 2 a zuwa da dawowa, ƙarin bit 8,000 zai ci milisakan 4 a zuwa da 4 a dawowa, wato za a ga bambancin kimanin milisakan 8. Idan ba a ga wani bambanci ba, alama ce cewa hanyar tana da sauri ƙwarai, kuma jinkirin da ake fama da shi na nisa ne ko na bin layi.

Ga kuma tambayoyi biyu da ɗalibai za su gwada kansu da su. Ta farko: ƙunshi mai bayit 500 zai ɗauki tsawon wane lokaci kafin ya gama hawa hanya mai kilobit 128? Ta biyu: a wace hanya ce jinkirin jerantawa na ƙunshi mai bayit 1,500 zai yi daidai da jinkirin nisa na kilomita 1,000? Amsar ta farko milisakan 31.25 ce, ta biyu kuwa hanya mai megabit 2.4.

Kammalawa

A taƙaice, lokacin da ƙunshi yake ɗauka a tafiyarsa ya haɗa da na jerantawa a kowace ƙofa, da na nisa a kan waya, da na bin layi a wurin rauta, sai ɗan abin da rauta take ci wajen duba adireshi. Ƙarin sauri yana rage jerantawa, kuma ta wannan hanyar yana rage layi, amma ba ya taɓa nisa. Don haka kafin shugaban makaranta ko mai kula da ɗakin kwamfuta ya nemi a ƙara masa saurin intanet, ya kamata ya fara gano wace hanya ce ta fi nawa a cikin jerin, da kuma wane irin jinkiri ne yake damun sa. Idan zangon ƙarshe ne mai nawa, ƙarin sauri a nan zai yi magani. Idan layi ne ya yi tsawo, gyaran rauta yana iya isa ba tare da an ƙara ko kwabo ba. Idan kuwa nisa ne, sai a nemi hanya mafi kusa, ko a kawo bayanan kusa da masu buƙatarsu. Da wannan muke kira ga malaman lissafi da na kimiyya da su shigar da irin waɗannan misalai cikin darasin rabawa da na ma'auni, domin ɗalibi ya ga cewa lissafin da yake yi a allo shi ne yake aiki a cikin wayar da ke aljihunsa.